Ɓeran masar ba ƙiwuya gare shi ba, tsoro ne



Cikin yawon da nike yi na aikin gona a ƙasar Yelu, na ga gidaje inda yara ke kiwon ɓeran masar. Abu ne mai kyau. Amma sau da yawa nikan ji uba na cewa: "Wannan dabba ba ta sabo, ana zuwa sai ta gudu." Ni ban yarda da wannan magana ba. Laifin namu ne.

Ko da ana ce masa na Masar, asalinsa daga duwatsun Amurka ta Kudu ne, wajen ƙasar Peru. Ba shi da ƙaho, ba shi da farce mai kaifi, ba ya iya hawan itace. Makaminsa biyu ne kawai: ya gudu ya ɓuya, ko ya daskare wuri ɗaya. To, ka duba: hannun da ya sauko masa daga sama, a wurinsa daidai yake da shirwa. In ka ga ya yi tsit a hannun yaro, kada ka ce daɗi yake ji. Wata sa'a tsoro ne ya kama shi.

Kuma hasara na nan. Ƙashin bayansa ba shi da ƙwari. In ya zille ya faɗo daga hannu, yana iya karyewa. Macen tana ɗaukar ciki wata 2 da ƴan kwanaki. In aka matse ta ko aka yi ta korar ta, tana iya ɓari.

Ga abin da za ka koya wa ɗanka:

1. Ya durƙusa, ya zo ta gaba, yana magana a hankali.

2. Ya fara ba shi ɗanyen ganye da hannu, kamar na dankali, kwana da kwanaki, kafin ya ɗauke shi. Ɗanyen ganye dole ne kullum, domin jikinsa ba ya yin bitamin C da kansa.

3. Ya ɗauka da hannu biyu: ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ƙarƙashin gindi, ya haɗa shi da ƙirjinsa yana zaune ƙasa. Ban da kama ƙafa ko fatar wuya. Mai ciki kuwa a ƙyale ta.

4. A sa masa maɓuya cikin akurki: fasasshiyar tukunya ko tsohuwar ƙwarya ta isa.

5. Akurkin ya zauna a inuwa, nesa da kare da muzuru, da ruwan sha. Zafin bazara yana kashe shi.

6. Kada a bar shi shi kaɗai. Dabba ce mai son zama da ƴan'uwanta.

Wani zai ce: "Duk wannan wahala a kan ɓera?" Ina amsa masa: yaron da ya iya lallashin ɓeran masar yau, shi ne gobe zai iya da shanun huɗa ba tare da bulala ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya sa albarka a kiwonmu, amin.

Malamin gona, Yelu