SHARHI: Lafiyar baburan Damargu na buƙatar bincike, amma a kai shi har kasuwar ƙauye

Duk wanda ya taɓa zuwa Falanko ranar kasuwa ya san cewa babur ne ke riƙe da zirga-zirgar yankin Damargu. Shi ke ɗauko buhun hatsi daga gona, shi ke kai rago kasuwa, shi ne kuma motar asibitin da ake ɗora mace mai naƙuda a kai cikin dare idan haihuwa ta zo da gardama. Da zarar an sauka daga kwaltar da ta tashi daga Damagaram ta ratsa Tanut zuwa Agadas, sauran tafiyar kusan duk rairayi ne, kuma motar haya ba kullum take biyowa ba. Wannan ya sa tambayar ko waɗannan babura na da ƙoshin lafiya ta zama tambayar rai da mutuwa.

Galibin baburan da ake hawa a gundumomin Tanut da Belbeji tsohon yayi ne ta fuskar ƙira, ko da a bana aka ciro su daga kwali. Da yawa daga cikin na ƙasar Sin an kwaikwayo su ne daga Honda CG125, wanda kamfanin Japan ya fitar a 1975 musamman domin ƙasashen da babu manyan garejoji. Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya shi ma a kan wannan tunani aka gina shi: inji mai sauƙi, kafireta, sarƙa, sai tankin da ba ya shan mai da yawa. A Turai masu kuɗi na sayen babur mai kamannin na da ne don ƙawa. A Damargu kuwa larura ce ta zaɓa wa mutane shi, domin bakaniken ƙauye na iya kwance shi ya mayar a gindin bishiya da ƴan sifanu kaɗan.

Tsufan ƙira ba shi ne matsala ba. A Birtaniya, inda doka ta tilasta duba lafiyar babur kowace shekara da zarar ya cika shekara uku, abin da ya fi kayar da babura a gwaji shi ne fitilu, sai kuma irin su birki da taya, wato ƙananan abubuwan da sakaci ke lalatawa. Faransa ma sai a watan Afrilun 2024 ta fara tilasta wa masu babura wannan gwaji, bayan doguwar jayayya da ƙungiyoyinsu. Darasin da ke ciki shi ne babur mai sauƙin ƙira na iya tsallake kowane irin bincike matuƙar mai shi na kula da shi.

To amma a nan kulawar ce ke da tsada. Ƙura na toshe matatar iska, yashi na cin sarƙa, zafin bazara na busar da taya har ta tsattsage. Babur ɗin da aka ƙera domin mutum biyu sai ka gan shi ɗauke da mutum uku da buhu biyu. Ɗan kabu-kabun da zai biya mai babur kuɗin yini, ya sayi mai, ya kai cefane gida, idan fitilar baya ta mutu yakan ce sai bayan kasuwa, idan birkin gaba ya saki ya ci gaba da dogara da na baya. A haka ake tafiya har ranar da saniya ta ratso hanya da almuru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da adadin jama'arta. Ga mutumin Falanko abin ya fi haka muni, domin wanda ya samu mummunan rauni a ka ko karaya mai tsanani sai an kai shi Tanut, wani lokaci a wuce da shi babban asibitin Damagaram, mai nisan kimanin kilomita 150 daga Tanut. Kafin a isa, jini ya zuba, kuma kuɗin jinya kan cinye abin da aka noma a daminar.

Masu motoci a Nijar sun san abin da ake kira bizit, amma wuraren yin sa suna manyan birane. Babu mai hankalin da zai sa ran manomi ya bar ƙauyensa, ya ƙona man zuwa da dawowa, ya kwana a birni don a duba masa birki. Idan aka tsaurara doka ba tare da an kawo wurin binciken kusa ba, abin da zai biyo baya sananne ne: takarda za ta zama hajar sayarwa, shingayen kan hanya su ƙara samun dalilin tare talaka, babur kuma ya ci gaba da yawo ba birki.

Saboda haka wannan jarida na kira ga ma'aikatar sufuri da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, da su fito da tsarin bincike na tafi-da-gidanka da zai riƙa bin kasuwannin mako na Damargu. Ba a buƙatar manyan na'urori. Abubuwa biyar sun isa a fara da su: birkin gaba da na baya, taya, fitilu, sarƙa da kuma madubi. A horar da bakanikan yankin su yi aikin tare da jami'an gwamnati, a tsayar da kuɗi kaɗan da kowa ya sani, a ba da rasit. Wanda babur ɗinsa ya faɗi gwaji a ba shi wa'adin gyara zuwa kasuwa mai zuwa kafin a yi maganar tara. A haɗa da wayar da kai kan hular kwano, wadda har yau mutane da dama ke ganin kayan ƴan birni ce.

Ƙananan hukumomin Falanko, Tanut da Tarka, da sarakunan gargajiya da shugabannin ƴan kabu-kabu, su ma da nasu aikin. Su ne suka san masu baburan ɗaya bayan ɗaya, kuma maganarsu ta fi saurin shiga kunne fiye da sanarwar da aka rubuto daga Yamai. Haka nan hukumar kwastan ta sa ido kan jabun kayan gyara da ke shigowa, domin ba amfanin tilasta wa mutum sauya birki idan wanda zai saya a kasuwa ba zai kai wata guda ba.

Su ma masu baburan ya kamata su gane cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuɗin ƙwan fitila da na birki bai kama ƙafar kuɗin ɗorin karaya ba, ballantana ran fasinjan da ya amince ya hau bayanka. Gwamnati ta kawo binciken kusa kuma cikin rahusa, su kuma su kawo baburan da kansu.