LAYISITE: KALMAR DA FARANSA TA MAYAR BULALA

Duk lokacin da aka tsare 'yar Musulmi a ƙofar makaranta a Faransa aka ce sai ta tuɓe hijabi, hujja ɗaya ake kawowa, wai laïcité, wato layisite. To, ya kamata matasa su san asalin wannan kalma, don kada a riƙa razana su da ita.

Tushenta Girkanci ne, laos, ma'ana jama'a. Daga nan ta shiga Latin ta zama laicus, sunan da Cocin Katolika ke kiran duk mabiyin da ba fada ba. Ashe a cikin coci ta girma, inda aka kasa mutane gida biyu: limamai masu iko da talakawa mabiya. Ita laïcité kanta sai wajajen 1871 ta ɓulla, lokacin da 'yan jamhuriya ke kokawar ƙwace makarantu daga hannun coci. A 1882 dokar Jules Ferry ta fitar da karatun addini daga makarantun firamare na gwamnati, a 1905 kuma aka raba coci da gwamnati. Sashen farko na dokar 1905 ya lamunce wa kowa 'yancin ibada. Gwamnati aka sa wa takunkumi, ba ɗaliba ba.

Amma ina adalcin yake? A Aljeriya, Faransa 'yar mulkin mallaka ta ci gaba da riƙe masallatai tana juya limamai yadda ta ga dama. A yankin Alsace-Moselle har gobe gwamnati ke biyan albashin fada da fasto da malamin Yahudu, ban da limamin Musulmi. Sai ga shi a 1989 an kori 'yan mata uku daga aji a garin Creil saboda ɗankwali. A 2004 aka haramta hijabi a makarantun gwamnati, a 2010 niƙabi a bainar jama'a, a 2023 abaya a makarantu. Kalmar da aka ƙera don taka wa coci burki ta koma kan yarinya mai neman ilimi!

Musulmin Nijar sun farga da wuri. Ƙungiyoyinsu sun tashi tsaye har aka cire kalmar daga tsarin mulkin 1992. Darasi ke nan ga matasa: duk wanda ya zo da baƙuwar kalma yana cika baki, a tambaye shi inda aka haife ta, da wanda ake duka da ita yau.