FILIN IYALI: Wasan golf a cikin ɗaki, da yadda uba zai riƙe linzaminsa

A wannan fitowa za mu tattauna a kan wani baƙo da ya shiga gidaje da dama har ya samu wurin zama a gindin talabijin, wato na'urar wasa irin su PlayStation da Xbox da Nintendo. Daga cikin ɗimbin wasannin da ake yi da ita mun zaɓi guda ɗaya, shi ne golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Dalilinmu kuwa, da wuya a samu wasan da ya fi shi ba magidanci damar zama tare da ƴaƴansa, ya fahimci abin da suke yi, ya kuma yanka masa iyaka ba tare da an tayar da jijiyar wuya ba.

A kan wannan na'ura iyaye sun kasu gida biyu. Wasu sun hana ta ɗungurungum, sai yaro ya sulale zuwa gidan maƙwabta ko shagon da ake biya a yi wasa, inda babu idon kowa a kansa. Wasu kuma sun saya sun miƙa, sun juya baya, ba su san abin da ke gudana ba sai ranar da sakamakon jarrabawa ya fito. Tarihin golf ɗin kansa yana da darasi ga ɓangare na farko. A shekarar 1457, zamanin Sarki James na Biyu, majalisar ƙasar Sikotilan ta kafa dokar hana golf da ƙwallon ƙafa, saboda samari sun shagala da su sun bar koyon harbi, alhali a lokacin da baka da kibiya ake tsare ƙasa. Aka jaddada dokar a 1471, aka sake maimaita ta a 1491, alamar ba a bi ta ba ke nan. Zuwa 1502 sai ga jikan wancan sarki, James na Huɗu, an sayo masa nasa sandunan wasan. Damuwar sarakunan gaskiya ce, domin wasa yakan ci lokacin aiki, amma hani tsagwaronsa bai magance ta ba.

To, mene ne golf? Wasa ne da ake bugun ƴar ƙwallo wadda ba ta kai ƙwan kaza ba, da sanda mai lanƙwasasshen kai, daga wani wuri mai nisa har a jefa ta cikin ramin da faɗinsa bai cika santimita 11 ba. Cikakken zagaye ramuka 18 ne, adadin da aka gada daga tsohon filin St Andrews na Sikotilan, wanda ya tsaya a kan haka tun 1764. Ɗan wasa ba ya ɗaukar sanda fiye da 14, kuma kowace da aikinta: akwai ta dogon bugu, akwai ta fitar da ƙwallo daga rairayi, akwai ta gangara ta a hankali zuwa rami. Abin da ya bambanta golf da yawancin wasanni shi ne, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne gwani. Kowane rami yana da mizaninsa, bugu 3 ko 4 ko 5, kuma kalmar da za ku gani a allon talabijin a kan haka ita ce Par. Wanda ya gama da bugu ɗaya ƙasa da mizani za a rubuta masa Birdie, biyu ƙasa Eagle, wanda kuwa ya haura da ɗaya Bogey. Duk uban da ya riƙe waɗannan kalmomi huɗu, zai iya duban allo ya san wa ke gaba.

Golf na gaske wasan masu hali ne a mafi yawan ƙasashe, don yana bukatar fili mai faɗin gaske, da ciyawa, da ruwan ban ta, da kusan awa 4 na tafiya a ƙasa. Na'urar wasa ce ta kawo shi cikin ɗakin wanda bai taɓa taka filin ba. A 1984 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da wani wasa mai suna Golf, wanda wani matashi mai suna Satoru Iwata ya rubuta tsarinsa na kwamfuta. Wannan wasa ne ya yaɗa dabarar da har yau ake amfani da ita wajen bugu. Ga yadda take: a gefen allo akwai wani ma'auni. Mai wasa zai danna maɓalli a jikin abin da yake riƙe da shi, wanda za mu kira linzami, sai wata alama ta fara gudu. Dannawa ta biyu ita ke tsayar da ƙarfin bugun, ta uku kuwa ita ke daidaita shi. In ya yi gaggawa ko ya yi jinkiri da ƙiftawar ido, ƙwallo ta karkace dama ko hagu, ta faɗa cikin duhuwa ko rairayi ko tafki. Wanda kuwa ƙwallonsa ta faɗa ruwa, an ƙara masa bugu ɗaya na tara.

Daga nan wasannin suka yawaita. A 1997 aka fitar da Everybody's Golf a kan PlayStation, a 1999 Mario Golf a kan Nintendo 64. Kamfanin EA Sports kuma, daga 1998 zuwa 2013, ya riƙa fitar da jerin wasanni da sunan Tiger Woods, ɗan Amurkan nan da ya lashe gasar Masters a 1997 yana da shekara 21. Shi kuwa Iwata ya zama shugaban Nintendo a 2002, ya riƙe muƙamin har rasuwarsa a 2015. A zamaninsa ne, cikin 2006, aka fitar da na'urar Wii da wasan Wii Sports, da nufin jawo waɗanda ba su saba da irin waɗannan wasanni ba, wato iyaye da kakanni. A nan mai wasa yakan miƙe tsaye ya kaɗa linzamin kamar sanda, kuma ramuka 9 na cikinsa an sake gina su ne daga wancan wasa na 1984. An sayar da fiye da kwafi miliyan 82 na Wii Sports. An daina ƙera Wii ta asali a 2013, amma a 2022 an ƙara golf a cikin Nintendo Switch Sports, ga kuma jerin PGA Tour 2K da EA Sports PGA Tour ga masu son filaye da ƴan wasa na gaske.

Me ya sa muka ce wannan wasa ya dace da zaman iyali? Na farko, bi da bi ake yin sa. Mutum huɗu suna iya wasa tare, a wasu nau'o'in ma da linzami ɗaya ana miƙa wa juna. Bisa al'adar golf, wanda ƙwallonsa ta fi nisa da rami shi ke bugu, saura su jira shiru. Yaron da ya saba ƙwace abu daga hannun ƙanensa, a nan dole ya koyi jiran layi. Na biyu, babu agogon da ke korar mai wasa. Kafin ya buga sai ya duba nisan rami, ya duba kibiyar da ke nuna inda iska ta dosa da ƙarfinta, ya duba gangaren ƙasa, sannan ya zaɓi sanda. Dattijon da ya iya dara zai gane wannan hali nan take, don a can ma wanda ya yi tunani kafin ya ɗaga hannu shi ke ci. Sau da yawa hanya mai nisa da ta kauce wa tafki ta fi gajeriyar da ta ratsa kansa, kuma yaro zai gani da idonsa cewa sannu ba ta hana zuwa. Na uku, akwai lissafi a ciki. Ana rubuta maki da alamar ragi da ta ƙari, kuma yaron da ya gane cewa mai -2 ya fi mai +3 ya riga ya kama bakin zaren darasin da ke wahalar da ɗalibai da yawa a makaranta. Na huɗu, babu harbi, babu jini, babu ashar.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Kaɗa linzami a tsakar ɗaki bai kai tafiyar kilomita da yawa da ɗan golf na gaske ke yi ba, balle mai dannawa a zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, kuma ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zamansa a gaban allo ya wuce awa ɗaya a rana. Ita ce kuma a 2019 ta saka kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka, tsarin da ya fara aiki a 2022. Alamominta uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da cutarwar da yake gani, galibi har tsawon wata 12. Kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa wannan matsayi, don haka ba kowane yaro mai son wasa za a kira majinyaci ba. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sannan akwai batun kuɗi. A wasu wasannin golf na zamani ana sayar da kuɗin cikin wasa da kuɗi na gaske, don a saya wa ɗan wasan allo riga ko hula ko sabuwar sanda. Uban da ya bar lambar katinsa na banki a cikin na'ura ya bar rumbu a buɗe. A wasu wasannin dabam, har da na ƙwallon ƙafa, ana sayar da akwatin da ba a san abin da ke ciki ba sai an biya, abin da hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa caca ce. Haka nan in yara suka fara cewa wanda ya faɗi a wannan rami zai biya, ko da alewa ce, to ƙofar caca ce aka fara turawa, kuma kowane Musulmi ya san hukuncinta. A rufe ta tun ranar farko. A kwalin wasannin da suka fito daga Turai za ku ga lambar PEGI, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, tsarin da aka fara a 2003. Galibin wasannin golf zalla 3 suke ɗauke da ita. Lambar tana magana ne a kan abin da ke cikin wasan kawai, ba ta ce komai ba a kan awa nawa ya kamata yaro ya zauna. Wannan aikin iyaye ne.

A nan ne golf ya sauƙaƙa wa iyaye aiki. Yawancin rigimar da ake yi da yara a kan na'ura, daga ƙirga mintoci take tasowa. Uba ya ce lokaci ya cika, yaro ya ce bari in ƙarasa, kowa kuma yana ganin shi ke da gaskiya. Golf kuwa yana da mahaɗa, kamar karan rake. Rami ɗaya ƴan mintoci ne, kuma tun kafin a fara, wasanni da yawa sukan tambaya ko ramuka 3 ake so, ko 9, ko 18. Saboda haka shawararmu ita ce a yi alkawari da ramuka. A ranar makaranta, bayan an gama aikin gida da karatun allo, ramuka 3. A ranar hutu, 9. Idan ƙwallo ta faɗa ramin ƙarshe, allon da kansa zai fito da sakamako, sai a kashe. Yaro ya san ƙarshen tun daga farko, ba wanda ya katse masa hanzari a tsakiya, ba shi kuma da hujjar neman ƙari. Idan kuma aka kira salla ana tsakiyar rami, matuƙar wasan na cikin gida ne ba na intanet ba, ana tsayar da shi a dawo a tarar da ƙwallo inda aka bar ta, iska ma ba ta motsa ta ba.

Masu golf na gaske suna alfahari da cewa ɗan wasa shi ke hukunta kansa. A gasar US Open ta 1925, Bobby Jones ya ga ƙwallonsa ta ɗan motsa yayin da yake shirin bugu, ya nace a ƙara masa bugu ɗaya na tara ko da yake alƙalai ba su gani ba. A ƙarshe aka yi kunnen doki, ya kuma rasa kofin a wasan raba gardama. A talabijin na'ura ce ke ƙirga bugu, babu halin maguɗi, don haka gaskiyar yaro a wani wuri ake gwada ta: shin zai ajiye linzami bayan rami na uku alhali ba kowa a ɗakin? Wannan labari ya cancanci a ba yara shi.

Ga ƴan matakai da za su taimaka. A ajiye na'ura a falo inda kowa ke wucewa, kada ta kwana a ɗakin yara. A yi amfani da tsarin kulawar iyaye da ke cikin na'urorin zamani, wanda ke iyakance lokacin wasa, ya toshe saye, ya kuma hana hira da baƙin mutane ta intanet. In irin wadda ake kaɗawa ce, a ɗaura igiyar linzami a wuyan hannu, a kuma janye ƙananan yara daga kusa. Tun a Disambar 2006 sai da Nintendo ya yi tayin sauya igiyoyi sama da miliyan 3 da masu kauri, bayan linzamai sun riƙa kuɓucewa suna fasa talabijin. A raba bugu daidai tsakanin maza da mata, don wasan ba ya bukatar ƙarfin damtse. Mafi girma duka, uba ko uwa su karɓi linzami ko da sau ɗaya a mako. Babu laifi ɗan shekara 10 ya koya wa mahaifinsa yadda ake auna iska, ya kuma cinye shi. Yaron da ya ga mahaifinsa ya jefa ƙwallo a tafki, ya yi murmushi, ya gama ramukansa, ya ajiye linzami ya tashi zuwa masallaci, ya koyi abin da faɗa ba zai koya masa ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a lokacinmu da nasu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.