Ra'ayinmu: Mai Jego da Taɓin Hankali

A ƙauyukan Ungogo, daga Fanisau har Rangaza, idan mai jego ta daina barci, ta shiga sambatu, ko ta ƙi jaririnta, sai a ce iska ce ko sammu. A yi ta hayaƙi da rubutu, sai abu ya gagara a nufi asibitin Dawanau.

To, likitoci sun san wannan ciwo. Yakan sami mace 1 ko 2 cikin 1,000 da suka haihu, galibi cikin mako biyu na farko. Sun kuma san waɗanda ya fi yi wa barazana: wadda ta taɓa yin taɓin hankali, musamman bayan wata haihuwa, wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi, da mai haihuwar fari. Rashin barci kan ƙara rura wutar. Zazzaɓin jego da jijjiga su ma sukan rikita hankali.

Ashe ke nan ana iya hango haɗarin tun ciki bai tsufa ba. Muna kira ga ma'aikatan awon ciki su riƙa tambayar wannan tarihi, iyaye kuma su daina ɓoye shi don kunya, domin ciwon yana warkewa da magani, jinkiri kuwa kan ci rai biyu.

Mu ɗalibai da ma'aikata, mu ake tambaya a gida. Ranar suna, bayan mun yi barka, mu tambaya ko mai jego tana samun barci. Allah ya raya, ya ba iyayenmu mata lafiya.