SHINGEN MAKARANTA BA IYAKAR ƘASA BA NE

Zuwa ga sakatarorin rassa da dukan ƴan'uwa na Konni, Madawa, Tawa, Dogon Dutsi, Gaya, Maradi da Tasawa. A karanta wannan takarda da ƙarfi a taron reshe ran kasuwa, bayan la'asar, don wanda bai yi lakwal ba shi ma ya ji da kunnensa.

Ƴan'uwa, kwanan baya wani dattijo mai fataucin albasa ya sauka tashar Wadata, ya zo ofishinmu da wani ɗan littafi ƙunshe cikin leda. Ɗiyarsa ta ci bak, ya sayar da shanu biyu da amfanin rani guda, ya kai ta wata jami'ar Kirista a wata ƙasa maƙwabciya. Ran da aka karɓe ta, aka miƙo masa littafin dokokin ɗalibai da Turancin Ingila, aka nuna masa gurbi, ya dangwala yatsa. Shekara ba ta cika biyu ba aka koro yarinyar, wai an kira suna a sujadar safe sau da yawa ba ta nan. Ba a zaunar da ita an ji ta bakinta ba, ba a aika wa uban ba, kuɗi kuwa ko dala ba ta dawo ba. Da ya je ya yi magana sai aka buɗe masa littafin, aka nuna masa yatsansa. Ba za mu faɗi sunan makarantar ba, domin da takardar muke faɗa, kuma irinta na da yawa.

Mun sa an fassara mana ita baƙi da baƙi. To, sai mu fara da gaskiya, ko da za ta ɓata wa waɗansunmu rai. Fiye da rabin abin da ke ciki, kowane uba na kirki zai sa hannu a kai da murna. An hana giya da ƙwaya, an hana caca, an hana satar amsa ran jarrabawa, an hana namiji shiga ɗakin kwanan mata, an ce a yi shiga ta mutunci, a girmama malami. Wa zai ƙi wannan? Ai saboda wannan ne ma Musulmin Yamai suke layi da ƴaƴansu a ƙofar makarantun Katolika irin su Mariama, inda mafi yawan yaran da ke zaune bisa benci Musulmi ne. Makarantar da mutane suka gina da guminsu saboda addininsu tana da ikon ta ce ga yadda za a zauna a gidanta. Ba mu musun wannan, kuma duk wanda ya ce muku jam'iyya tana gaba da makarantun Kirista, ku ce masa ƙarya yake yi.

Amma fa cikin shinkafar an zuba tsakuwa. A shafi guda da hana giya, sai ga dokar cewa dole kowane ɗalibi, ko mene ne addininsa, ya halarci sujada, ana kiran suna kamar gardi na ƙidayar fursuna. Ga dokar da ta ba hukumar makaranta ikon ta binciki ɗaki da akwati da wayar ɗalibi duk sa'ad da ta ga dama. Ga dokar da ta ce wanda ya ga ɗan'uwansa ya yi laifi bai kai tsegumi ba, laifinsu ɗaya. Ga wadda ta hana taro da ƙungiya sai da izini. Daga ƙarshe ga uwarsu duka: hukuncin makaranta shi ne na ƙarshe, ba ɗaukaka ƙara, ba mayar da kuɗi.

Dattawan da ke zaune a taron nan, shin wannan bai tuna muku kome ba? Kakanninmu sun zauna ƙarƙashin dokar da Faransa ta kira andijena, wadda ta ba kumandan ikon ya kulle baƙar fata kwana da kwanaki, ko ya ci shi tara, ba alƙali ba shaida, shi ne mai ƙara shi ne mai yanke hukunci. Sai a 1946 aka soke ta, shekarar da aka soke aikin tilas. Waɗanda suka yi lakwal ta Nasara kuma ba su manta da sambol ba, abin nan da ake rataya wa yaro a wuya don ya kuskura ya yi Hausa ko Zabarmanci, shi kuma ya yi ta laɓe yana sauraron ƴan'uwansa har ya sami wanda zai rataya wa. Haka aka koya wa yaranmu leƙen asirin juna. Mun kori kumandan a 1960. Don me za mu sayar da shanu mu sayo shi da kuɗinmu, mu kai masa ƴaƴanmu?

Masu kare wannan takarda hujjarsu ɗaya ce, ko ina ka je ita za ka ji: "Makarantarmu ce, ba mu tilasta wa kowa ba, wanda bai so ya tafi wani wuri." Wani wuri ina? Mai faɗin wannan magana ya haye Gadar Kennedy ya je Harobanda ya dubi Jami'ar Abdu Mumuni, wadda aka aza harsashinta a 1971, ya ga yadda ɗalibai suka yi wa azuzuwa da ɗakunan kwana yawa, ya tambayi iyaye shekara nawa aka sha yi kafin a gama karatun shekara uku, tsakanin yajin malamai da yajin ɗalibai da burs da ba ta zo ba. Uba ba don marmari yake kai ɗansa Kwatano ko Lome ko Nijeriya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon namu ne, gwamnatocinmu ne suka bar shi ya tsage. Mutumin da ƙishirwa ta kora zuwa rijiya guda, in mai rijiya ya ce sai ka sa hannu za ka sha, zai sa. Amma kada mai rijiya ya zo daga baya yana cewa da yardarsa aka yi.

Sa'an nan kuma, wa ke sa wa takardar shaidar da suke bayarwa hatimi? Hukuma. Wa ya ba su izinin buɗewa? Hukuma. Likita ko lauyan da suka yaye, jama'ar ƙasa duka zai yi wa aiki, Musulmi da Kirista da wanda ba ya ko ɗaya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba za ka karɓi hatimin ƙasa da hannun dama, ka ture dokar ƙasa da hannun hagu ba.

Kada ku ce mun ƙago wannan rigima ne a Yamai. A Ota, cikin jihar Ogun ta Nijeriya, akwai Jami'ar Covenant wadda cocin Bishop David Oyedepo ya buɗe a 2002. Ta yi suna wajen karatu mai kyau, ta kuma yi suna wajen tsanani. A 2007 labari ya fito cewa sai an yi wa ɗalibanta gwajin ƙanjamau da na ciki kafin a yaye su. Ku duba fa, mutum ya gama karatu, ya ci jarrabawa, ya biya kuɗi, sa'an nan a ce sai an leƙa jininsa! Ƙasa ta ɗauki ɗumi har hukumar kula da jami'o'i ta sa baki. A Gana kuma, inda ƴan'uwanmu Hausawa ke zaune a zango-zango, makarantar ƴanmata ta Wesley da ke Cape Coast, ta cocin Methodist, ta hana wata ɗaliba Musulma azumin Ramadan a 2021. Hukumar ilimi ta ƙasar ta ce a bar yara su yi azumi, cocin ya ce bai yarda ba. A 2021 ɗin dai aka rufe makarantu 10 a Ilori saboda rikicin hijabi, makarantun da mishan ya kafa amma gwamnati ke biyan malamansu.

Wadda ta fi duka ita ce ta Amurka. Jami'ar Bob Jones, a jihar Karolina ta Kudu, ba ta karɓi baƙar fata ba sai a 1971, bayan nan kuma ta rubuta cikin dokokin ɗalibanta cewa baƙi da fari ba za su nemi juna da aure ba, wanda ya yi a kore shi. Suka ce umarnin Allah ne. Gwamnati ta janye musu rangwamen haraji, suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ƙasar ta kayar da su a 1983, alƙalai 8 da 1. Duk da haka suka riƙe dokar har 2000, kuma a 2008 suka fito suka nemi gafara. To, in umarnin Allah ne, wa ya soke shi a 2000? Ashe dai dokar mutum ce aka sa wa rawani. Yaran da aka wulaƙanta a tsakani kuwa, wa ya biya su?

Ƴan'uwanmu Kiristocin ƙasar nan sun fi kowa sanin wannan ciwo, domin a kansu aka fara. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, ya kafa tasha a Tsibiri kusa da Maradi a 1928, ya buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma babu gidan da ke tsakanin Konni da Madawa da bai ci moriyar asibitin nan ba. Mun yaba. Amma Turawan mishan sun zo da nasu ma'aunin ɗa'a daga Amurka da Kanada, suna ɗora wa waɗanda suka bi su, suna hora su kamar yara, kuma sun daɗe suna jan ƙafa wajen ba su ilimin Faransanci da zai kai su aikin gwamnati. Kiristoci Hausawa na Gobir da Katsinar Maradi su ne suka yi ta jayayya da su a kan haka. Saboda wannan, in fasto ɗan ƙasa ya zauna yau zai rubuta dokokin makaranta, muna roƙonsa ya tuna da abin da aka yi wa ubansa, kada ya kwafo littafin wani gari ya canza suna kawai.

Yanzu sai mu juyo kanmu, domin akwai waɗanda tun farkon karatun nan suke gyaɗa kai suna jin daɗi, suna tsammani Kirista kaɗai muke yi wa faɗa. A'a. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta yi a Faris, aka cinna wa majami'u wuta a Damagaram da Yamai. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙidaya 45, har da makarantar Kirista da gidan marayu, aka kuma rasa rayuka. Wane ne cikin yaran makarantar nan ya yi zane a Faris? Allah wadai! Wanda ya ɗauki ashana a ranar nan ba shi da bakin da zai nemi haƙƙin ɗiyarsa a makarantar Kirista. Mudun da muke auna jami'ar coci da shi, da shi za mu auna Jami'ar Musulunci ta Sayi da aka buɗe a 1986, da kowace makaranta mai zaman kanta da Alhaji ya gina. In ɗiyar Kirista ta shiga makarantar Musulmi, ba mai tilasta mata salla, ba mai hana ta Lahadinta. Wanda ya ƙi wannan ya yarda da wancan, ba ƴanci yake nema ba, sarauta yake nema.

Abin da muke cewa ba shi da wuyar ganewa. Makaranta ta yi doka a kan abin da ɗalibi ke aikatawa cikin jama'a, ta hore shi in ya karya. Amma ibadarsa tsakaninsa da Ubangijinsa ce, jininsa da cikinsa kuwa tsakaninsa da likita. A yi sujada, a buga ƙararrawa, mai so ya je, wanda ba addininsa ba ne a ba shi ɗaki ya yi nasa. Kada a kori kowa sai an rubuta masa laifinsa, an zaunar da shi gaban mutane fiye da ɗaya, da waliyinsa ko wakilin ɗalibai a gefensa, kuma ƙofar ma'aikatar ilimi da ta kotu ta zauna a buɗe. Haƙƙin ƙungiya kuwa, mu a Yamai ba mu ɗauke shi wasa ba. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai uku suka faɗi a Gadar Kennedy, zamanin Janar Ali Shaibu, kuma jininsu na cikin abin da ya kai ƙasar nan ga babban taron ƙasa na 1991. Abin da aka saya da wannan tsada, darakta ba zai soke shi da layi ɗaya a shafi na goma sha ba.

Saura maganar harshe. Tun watan Maris 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. To, duk makarantar da ke cikin Nijar, da duk wakilin jami'ar waje da ya buɗe ofis a Yamai yana neman ɗalibai, ya kawo dokokinsa da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a karanta wa uba kafin ya kwance bakin jakarsa, ba bayan ya biya ba. Wannan aikin ma'aikatar ilimi mai zurfi ne ta sa shi cikin sharaɗin izini, kuma za mu kai mata shi a rubuce.

Kafin nan, ga aikin rassa. Kowane sakatare ya bi gidajen garinsa ya rubuta yara nawa ne ke karatu a irin waɗannan makarantu, na Kirista da na Musulmi, na gida da na waje. Duk wanda ke da kofen littafin dokoki ya ara mana, a shafe sunan yaro, a ba direban da kuka amince da shi ya kawo ofis. A nemo mushe ɗaya a kowane reshe, mai jin Faransanci ko Ingilishi, wanda zai zauna ran kasuwa ya karanta wa iyaye takarda kyauta. A gayyaci fasto da liman wurin taro na gaba, a ba su tabarma ɗaya. Wanda kuwa aka miƙo wa takarda aka ce ya dangwala nan take mota za ta tashi, ya naɗe ta ya sa aljihu, ya ce sai gobe.