Jimina tamu, takardu na Yahudawa



Na san da an ce "Yahudawa", wasu sun riga sun ɗaure fuska, don kowa na ganin abin da ake yi wa mutanen Gaza. Fushin nan yana kan hanya. Amma ku ba ni aron kunne, maganar yau ta takarda ce, kuma ta taɓa mu nan gida.

A ƙarni na 19, tun zamanin Sarki Tanimun, gashin jimina na cikin manyan kayan da ayari ke ɗauka daga Damagaram da Damargu, tare da fatu da hauren giwa. A bi ta Abzin, a ratsa Gat da Gadamas, a sauke a Tarabulus. Larabawan Gadamas ne ke riƙe da fataucin, Buzaye ke jan raƙuma. To a bakin teku fa, wa ke karɓa? Galibi attajiran Yahudawan Tarabulus ne. Su ke ba fatake bashin haja, yadi da sukari da sauran tarkace, su kuma tantance gashin su aika Landan da Paris, inda matan Turawa ke ƙawata huluna da shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gashin ta rushe a 1914, ayari ya mutu.

Yanzu a tambayi dattijo a Kutus nawa kakansa ya sayar da gashin jimina. Zai ce Allah masani. Mu ba mu rubuta ba, ko mun rubuta gara ta cinye. Abin da ya tsira yana can cikin littattafan lissafi da wasiƙun ƴan kasuwa da rahotannin jakadu. Da irin waɗannan takardu ne wata malamar tarihi ta Amurka, Sarah Abrevaya Stein, ta fitar da littafi a 2008 kan Yahudawa da cinikin gashin jimina, har da babi guda kan hanyar Sahara. Wato wani yanki na tarihin cin abincin kakanninmu yana kwance cikin akwatin wasu mutane.

Su kuwa sun ɗauki ajiya da gaske. A garin Oudtshoorn na Afirka ta Kudu, gidan tarihin C.P. Nel na nuna tarihin cinikin jimina, a ciki kuma an sake kafa ɗakin ibadar Yahudawan garin da kayansa. Maroko, ƙasar Musulmi, tana da gidan tarihin Yahudawa a Casablanca tun 1997, kuma a 2020 Sarki Muhammad na shida da kansa ya je Bayt Dakira a Essaouira. Libiya ta bi wata hanya. Yahudawanta sun watse, akasari bayan 1948 da 1967, an ƙwace dukiyoyinsu, an baje maƙabartunsu. Duk abin da ya salwanta a can, har da rabonmu ya tafi da shi.

A ganina, adana takardar mutum ba mubaya'a ba ce ga siyasar jikokinsa. Wanda ya ba kakanka bashin yadi shekara 150 da suka wuce ba shi ke jefa bam yau ba. Kuma mun san wutar fushi ba ta karatu: a Janairun 2015 ɗakin karatun cibiyar al'adu ta Damagaram ya ƙone cikin zanga-zanga, ba a tsaya duba wane littafi ne na wa ba.

Ga jimina can ana kiwonta a Kelle don kada irinta ya ƙare, madalla. Labarinta fa? Jami'ar Damagaram na da ɗaliban da za su iya neman hoton waɗannan takardu daga inda suke, su haɗa da abin da dattawa ke iya tunawa. Mu kuma nan Gamu, duk mai tsohuwar wasiƙa ta ajami, takardar bashi ko ta gado a adaka, ya fito da ita kafin damina, ya ɗauke ta hoto da salula shafi-shafi, ya tura wa mutum biyu cikin dangi.