Nauyin Shafi, Nauyin Aljihu: Mujallun Hausa da Mai Karatu a Unguwar Television

Cikin 'yan shekarun nan, mujallun nazarin Hausa na jami'o'i sun yi ta hawa intanet, kuma abin a yaba ne. Sai dai ɗora maƙala a shafi ba shi ne isar da ita ga mai karatu ba. Shafin da ke shafe minti guda yana juyi a waya kafin ya buɗe bai bambanta da littafin da aka kulle a kabad ba: rijiya ta bayar, guga ya hana. Don haka saurin buɗewar shafi aikin edita ne tun kafin ya zama aikin masanin kwamfuta, domin shi ke tantance wanda zai karanta da wanda zai haƙura.

Unguwar Television da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu ma'auni ce mai kyau ga wannan batu. Tana kudancin kogin Kaduna, kusa da Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha, kuma an san ta da babbar tashar motarta. Mazaunanta sun haɗa da Gbagyi da Bajju da Atyap da Ibo da Yarabawa da Hausawa, kuma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da cikin mota. Malamin da ke koyar da Hausa a wata sakandaren unguwar, ko ɗalibar Jami'ar Jihar Kaduna da ke kwana a can, sai sun tsallake kogi kafin su kai ɗakin karatu na Gidan Arewa. Wayar hannu ce ɗakin karatun da ya fi kusa da su, datar da ke cikinta kuma kaɗan-kaɗan ake saye. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ke nan kowane megabayit da shafi ya ɗora wa kansa, daga aljihun waɗannan mutane yake fita.

Lissafin nauyin ba shi da wuya. Harafin boko guda bayit ɗaya yake ci, haruffa masu lanƙwasa kuwa, wato ɓ da ɗ da ƙ, bayit biyu-biyu. Maƙala mai kalma 5,000 ba ta wuce kilobayit 30 da 'yan kai in an ajiye ta a matsayin rubutu zalla. Hoto guda da aka ɗauka da waya kuwa yakan kai megabayit 3, wato nauyin maƙalu kusan ɗari. Idan aka yi wa fitowa guda mai shafi ɗari uku sikanin, aka dunƙule ta cikin fayil ɗin PDF ɗaya, an tilasta wa mai neman shafi goma kan karin magana ya sauke hotuna ɗari uku. In sabis ya yanke ana tsakiyar saukewa, sau da yawa sai ya koma farko, datar da ta tafi kuma ta tafi.

Wannan ɗabi'a ta sikanin tana da dalili. A da, kowace maɗaba'a da irin salon haruffan da take fitar da ƙ da ɗ da shi, kuma da zarar an buɗe rubutun a wata kwamfutar sai haruffan su rikiɗe su koma wasu alamomi. Editoci suka ga cewa hoto ne kaɗai ba ya cin amana. Amma tsarin Yunikod ya tanadi waɗannan haruffa tun shekarun 1990, har da ƴ da ake amfani da ita a Nijar, kuma wayoyin yau suna nuna su. Hasali ma hasarar sikanin ta wuce ta data. Rubutun da ya koma hoto, muddin ba a sake mayar da shi haruffa ba, manhajar bincike ba ta ganin kalmominsa, manazarci ba ya iya neman kalma a cikinsa, na'urar da ke karanta wa makaho rubutu ita ma ba ta iya karanta shi.

Bayan sikanin, sai kwalliya da nisa. Hotunan shugabanni masu zagayawa a saman shafi, da bidiyon da ke kunna kansa, da salon haruffa na musamman da sai an sauke shi, duk suna shiga gaban maƙala a layi. Kwalliya ce da ba ta biyan kuɗin sabulu. Sannan idan kwamfutar da ke ɗauke da shafin tana Amurka ko Turai, buƙatar mai karatu daga Television sai ta gangara Legas, ta bi wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da WACS, kafin amsa ta dawo. Ranar 14 ga Maris 2024, da wasu daga cikin waɗannan wayoyi suka lalace, intanet ta yi tafiyar hawainiya a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Nijeriya tana da mahaɗar intanet ta cikin gida, IXPN, tun 2006. Ajiye shafi a cikin ƙasa, ko ajiye kwafinsa kusa da masu karatu, yana rage wannan doguwar tafiya.

Mafi yawan gyaran ba kuɗi yake buƙata ba, shawara yake buƙata. A raba kowace fitowa maƙala-maƙala. A fitar da kowace maƙala a matsayin rubutun Yunikod da ake karantawa kai tsaye a shafi. A rage girman hotuna, a matse su da tsari irin WebP, a kuma saita su kada su sauka sai mai karatu ya gangaro inda suke. A bar waya ta yi amfani da haruffan da ta zo da su. Akwai ma'aunin da za a riƙe: binciken da Google ya fitar a 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin ɗari na masu ziyara ta waya suna barin shafin da ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba, kuma kamfanin ya sanya daƙiƙa biyu da rabi a matsayin iyakar bayyanar babban abin da ke shafi. Manhajar PageSpeed Insights tana auna wannan kyauta.

Masu ƙorafi suna da hujjoji biyu da suka cancanci amsa. Na farko, PDF ne ke kiyaye lambar shafi, wadda madogara ba ta yiwuwa sai da ita. Gaskiya ne, kuma ba a ce a jefar da shi ba. A ajiye PDF mara nauyi, wanda aka fitar daga rubutun asali, kusa da rubutun shafin, a kuma rubuta girmansa domin mai karatu ya san abin da zai kashe kafin ya danna. Na biyu, rubuce-rubucen ajami suna buƙatar hoto mai kaifi, domin ɗigo guda yana sauya ma'anar kalma. Wannan ma gaskiya ne. Maganinsa shi ne a nuna ƙaramin hoto tukuna, a bar babban ga wanda ya neme shi.

Ɗab'in Hausa ya daɗe da sanin darajar aljihun mai karatu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, ta ɗauki farashinta ta sa a cikin sunanta. Kwabon wannan zamani shi ne data. Bisa ga haka, ya dace kwamitin editoci ya ƙara sharaɗi guda kan tantance maƙalu da gyaran ƙa'idojin rubutu: kafin a saki fitowa, a buɗe ta da waya mai araha, da datar da aka saya, a wuri irin tashar Television da maraice, lokacin da layi ya cika. Idan maƙala ta bayyana cikin daƙiƙa uku da ƙ da ɗ ɗinta daidai, an gama aiki. Idan ba ta bayyana ba, fitowar ba ta shirya ba tukuna.